Kanta ba ta fin bangonta ƙarfi

Akwai wasu gajerun bidiyo da ke yawo a wayoyin matasanmu ta WhatsApp da TikTok, na kuma tabbata da yawa daga cikin masu karatu sun ci karo da su. Za ka ga wani Bature a ɗakinsa, a gabansa ga wata na'ura mai kama da ƙaramin keji. Na'urar tana narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi layi bisa layi, har ta fitar da wani abu mai kusurwa, irin wanda ake kafawa a bango a ɗora katako a kai. Sai ya ɗauko biyu ko uku ya ɗaure su a bango da noti, ya aza katako, ya jera littattafai, wani ma har ya hau ya zauna don a ga ƙarfin aikin. Cikin minti guda an gama kanta. Na'urar ita ce ake kira firintar 3D, abin da ta fitar kuwa matokarin kanta ne.

Duk matashin da ya kalli irin wannan, abin da ke fara zo masa shi ne: me zai hana mu ma mu yi? Tambaya ce mai kyau, ba na kuma so a kashe wa mai yin ta gwiwa. Amma ni a ganina, idan ana maganar Dogon Kiriya da sauran garuruwan Arewa, daga Sukukutan har Tibiri, matokarin roba shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a sa firintar 3D ta yi. Na'urar tana da aikin da za ta yi mana, aiki babba ma. Ɗaukar nauyin kanta dai ba ya ciki, kuma ga dalilaina.

Bari in fara da abin da babu gardama a kansa. Muna bukatar kanta. Mai shago yana bukatarta don sabulu da sukari da gwangwanin tumatir su bar ƙasa. Shugaban makaranta yana bukatarta don rajistar ɗalibai da ƴan littattafan da ya samu da ƙyar. Ma'aikacin ɗakin shan magani yana bukatarta don kwalaye da katunan mata masu zuwa awo. Malami mai almajirai yana da littattafan da ya gada, amarya tana da jerenta. Abokan gabar duk waɗannan kaya biyu ne, gara da ruwan damina, kuma duka biyun ta ƙasa suke zuwa. Wanda ya taɓa buɗe kwalin takardu bayan damina ya tarar gara ta mai da rabinsu ƙasa ya san kanta ba kayan ƙawa ba ce. Don haka idan kanta ta faɗo, asarar ba ta tsaya kan katako ba. Magani ne ke zubewa, jarin mai shago ne ke fashewa, wani lokaci ma yaro ne ke zaune a ƙarƙashi.

To ta ina kanta ke faɗuwa? Mutane da yawa suna ɗauka nauyi ƙasa kawai yake danna ta. Gaskiya ne yana danna ta ƙasa, amma ba nan matsalar take ba. Da yake kayan suna nesa da bango, nauyinsu yana ƙoƙarin juya matokarin ne, yana fizgar notin sama zuwa waje, yana kuma danna gindin matokarin cikin bango, kamar yadda ake ɓanɓare ƙusa da bayan guduma. Ga ɗan lissafi mai sauƙi. A ce faɗin kanta santimita 30 ne, an ɗora mata kilo 30 a tsakiya, wato tazarar santimita 15 daga bango. Idan ƙafar matokarin da ke manne da bango, daga notin sama zuwa gindinta, santimita 15 ce, to notunan sama suna shan fizgar da ta kai nauyin kilo 30. Idan aka tsawaita ƙafar ta kai santimita 30, fizgar za ta sauko zuwa kilo 15. Idan kuwa aka gajarta ta zuwa santimita 7 da rabi don ta yi kyan gani, fizgar ta haura kilo 60 ke nan. Kada kuma mai karatu ya ga kamar kilo 30 wani abu ne mai yawa. Bandir ɗaya na farar takarda mai ganye 500 kilo 2 da rabi ne, goma sha biyu sun cika kilo 30. Jarkar ruwa mai lita 25 ita kaɗai kilo 25 ce.

Wannan lissafi shi ya kai mu ga bango, wanda bidiyon ba ya taɓa tsayawa a kansa. Mutumin da ke Amurka yana ɗaura notinsa ne cikin ginshiƙan katako da ke ɓoye a bayan allon bangon gidansa. Na Faransa ko Jamus kuma sau da yawa kankare ne ko jan bulo a gabansa. Noti yana shiga ya kama, ya zauna shekara da shekaru. Mu kuwa galibin ɗakunanmu a Dogon Kiriya da ƙauyukan da ke kewaye da ita ginin ƙasa ne, tubali da laka. Ginin ƙasa gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi daga sama, shi ya sa yake riƙe azara da rufi. Amma ba ya riƙe abin da ake fizga daga jikinsa. Ka buga ƙusa yau ta kama, ka rataya kaya, kullum ana ɗauka ana mayarwa, ramin yana faɗaɗa kaɗan-kaɗan, ƙasa tana zuba, ran nan sai ƙusar ta fito da ɓarin bango a jikinta. Bulon siminti ma ba kowanne ne abin dogaro ba. Akwai mai rami a ciki, akwai wanda aka yi wa rowar siminti har kana iya murje gefensa da yatsa. Wasu azuzuwan makarantunmu kuwa na zana ne, babu ma bangon da za a yi maganar kafa wani abu.

Ashe ko da an kawo matokarin da ya fi kowane ƙarfi a duniya, in dai a jikin tubali za a ɗaura shi da ɗan gajeren noti, ranar faɗuwarsa kawai ake jira. Kuma ranar da ya faɗo, za a zagi matokari ne, alhali laifin na wanda bai dubi bango ba ne.

Magabatanmu sun san wannan sarai, ko da ba su rubuta lissafinsa ba. Dubi yadda suka warware matsalar ajiya. Magini yana barin gurbi a jikin bango tun yana gini, alkuki na fitila da wani na ƙananan kaya, nauyin yana zaune a kan bangon kansa. Inda ake son maratayi, tun laka tana ɗanya ake binne itace ya shiga can ciki, ginin da ke samansa ya danne shi. Ragaya daga azara take saukowa, ƙwarya da nono suna lilo a sama inda ɓera da gara ba sa kaiwa. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, nauyin hatsi ya sauka ƙasa kai tsaye, iska tana wucewa ta ƙarƙashi. A duk cikin waɗannan babu inda aka nemi laka ta yi abin da ba ta iyawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matsala ta biyu ita ce zafi. Zaren robar da aka fi amfani da shi a waɗannan na'urori, wanda ya fi araha ya kuma fi sauƙin aiki, shi ne PLA, wanda ake yi daga sitacin masara ko rake. Wannan roba tana fara laushi ne a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyos. Wani zai ce ai zafinmu bai kai nan ba. Haka ne, amma a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a yankin Dogon Dutsi yana wuce digiri 40, shagon da aka rufe da kwano aka kulle da tsakar rana kuwa ya fi haka, musamman can sama kusa da rufi inda ake son kafa kanta. Roba kuma ba ta jira sai ta kai ma'aunin laushinta. Idan nauyi yana kanta dare da rana, tana saki a hankali, zafi yana ƙara mata saurin saki. Ba za ka ga komai ba a makon farko. Bayan wata biyu ko uku sai ka lura bakin kanta ya sunkuya, gwangwani ya fara gangarowa da kansa. Wanda ya hau ya zauna a bidiyo ya gwada ƙarfin minti ɗaya ne a ɗaki mai sanyi. Abin da muke bukata ƙarfin bazara biyar ne a ƙarƙashin kwano.

Akwai kuma wani rauni da ke tattare da yadda na'urar ke aiki. Tunda layi bisa layi take shimfiɗawa, abin da ta ƙera yana da ƙarfi ta tsawon layin, amma yana da rauni a mahaɗar layi da layi, kamar itacen da ke tsagewa cikin sauƙi ta tsawonsa amma ya yi gardama in an sare shi a gicciye. Wanda bai san wannan ba zai ƙera matokari a tsaye, mahaɗar layukan ta faɗa daidai kusurwar da ke shan wahala, sai ya ɓalle tas kamar an yanka.

Ba na cewa ba za a iya yin matokarin roba mai ƙarfi ba. Ana iyawa, kuma wanda ya riga ya mallaki na'ura yana so ya gwada, ga abin da zan ce masa. Ya bar PLA ya nemi PETG, wadda ba ta fara laushi sai wajen digiri 80. Ya kwantar da matokarin a gefensa yayin ƙira, don layukan su bi siffar kusurwar ba tare da yankewa ba. Ya sa masa gicciyen da zai haɗa bakin sama da gindi ya zama mai kusurwa uku. Ya kaurara bangon waje na ƙirar, domin nan ne ƙarfi yake, fiye da cikon ciki. Ya tsawaita ƙafar da ke jikin bango, ya sa wasa mai faɗi a ƙarƙashin kan kowane noti don kada ya nutse cikin roba. Ya kusanta matokaran da juna, ya kuma ajiye kaya masu nauyi ta wajen bango. Bayan duk wannan, kada ya ɗora abin da zai yi kuka in ya fashe sai kantar ta ga bazara guda da buhun yashi a kanta.

To amma a tsaya a yi lissafin abin da aka kashe. Ƙaramar firinta mai araha tana kaiwa wajen dalar Amurka 200 a inda ake sayar da ita, kafin kuɗin jigila da na kwastan. Naɗin zare mai kilo ɗaya wajen dalar Amurka 20 ne, kuma ba a kasuwar Dogon Dutsi ake samunsa ba, sai an aika Yamai ko an yi odarsa daga waje. Matokari ɗaya mai kauri yana cin sa'o'i da dama a kan na'ura, kuma cikin sa'o'in nan wuta ba za ta ɗauke ba, in ba haka ba sau da yawa aikin ya lalace. Mun dai ga yadda wuta ta zama a ƙasar nan tun daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wadda take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, balle a karkara inda gidaje da yawa ba su taɓa ganin layin NIGELEC ba. Ana iya tafiyar da na'urar da hasken rana, amma sai an ƙara kuɗin faifai da batir. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina a jikin na'ura, ga laimar damina da zaren ke tsotsa ya ɓata ƙira.

Yanzu a kwatanta da abin da ke hannunmu. Mai walda da ke haɗa amalanke da ƙofofi da gadaje zai yanko guntun ƙarfe mai kusurwa ko ragowar rodi, ya haɗa maka matokarai huɗu kafin ka gama shan shayi. Inda babu mai walda akwai maƙeri, wanda ba ya bukatar wutar lantarki ko kaɗan. Zuga-zugi da gawayi da uwar maƙera sun ishe shi ya lanƙwasa ƙarfe ya huda shi. Ƙarfen nan ba ruwansa da zafin Afrilu, in ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya karye a sake haɗa shi. Kuɗin kuma a cikin gari yake zama, ya shiga aljihun mai sayar da gawayi da yaron shago da mai abinci. Sunan Dogon Kiriya kansa yana tuna mini da itacen kirya, wanda maƙera suka fi son gawayinsa, wanda kuma gara ke shakkar katakonsa. Bishiyar ta yi ƙaranci yanzu, ba na kuma kiran kowa ya je ya sare ta, amma tana nuna cewa sanin abin da ke jure wa ƙasar nan ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ga wanda ke son kanta mai ƙarfi a ɗakin ƙasa, shawarata a taƙaice ita ce ya sauke wa bango nauyi. In sabon gini ne, a binne guntayen rodi ko bututun ƙarfe tun ana gini, su shiga kusan kaurin bangon duka, a ɗora katako a kan abin da ya fito. In tsohon gini ne, a huda bangon gaba ɗaya a zura dogon noti, a sa faffaɗan ƙarfe ko katako ta baya, yadda fizgar za ta rarrabu a kan fili mai faɗi. Abin da ya fi duka shi ne kanta mai ƙafafu har ƙasa, wadda aka ɗaure samanta kawai a bango don kada ta kife, a ɗora ƙafafun a kan dutse ko guntun bulo saboda gara. Wannan ta ƙarshen ita ce ta dace da ajin zana ma, tunda ana iya ɗauke ta a kai ta ɗakin ajiya in an yi hutu.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce wannan ai maganar masu tsoron sabon abu ce, haka aka yi wa wayar salula da faifan hasken rana kafin kowa ya rungume su. Zai ƙara da cewa yaro ba ya koyon na'ura sai ya fara da ƙaramin abu, kuma matokarin kanta darasi ne mai kyau na koyon zane a kwamfuta. Wannan na biyun na yarda da shi. A aji, a matsayin darasi, a ƙera matokari, a ɗora masa nauyi har ya karye, a duba inda ya karye, a gyara zanen. Wannan ilimi ne na gaske. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki darasin aji a mai da shi sana'ar da za a ce wa matashi ya zuba jarinsa a ciki, ko a kafa shi a saman kan marasa lafiya.

Game da tsoron sabon abu kuwa, tarihin na'urar kanta yana goyon bayana. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya ƙirƙiro wannan dabarar a ƙarshen shekarun 1980, amma ba ta yi araha ba sai bayan da Adrian Bowyer ya fara aikin RepRap a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, ya saki zanen kyauta, sannan wa'adin haƙƙin mallakar dabarar ya ƙare a 2009. A nan Afirka ta Yamma, a Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou ya haɗa tasa firintar a 2013 daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da na'urorin ofis, a cibiyar WoeLab. Wuraren da na'urar ta yi suna kuwa duk iri ɗaya ne. Bayan girgizar ƙasar Nepal ta 2015, ƙungiyar Field Ready ta ƙera mahaɗan bututun ruwa a wurin da ake bukatarsu. A watan Maris na 2020, lokacin korona, wasu injiniyoyi a yankin Brescia na Italiya sun ƙera ƙananan bawul na na'urar numfashi da suka yanke wa wani asibiti. A kowane ɗaya, ƙaramin abu ne mai siffa ta musamman, wanda babu shi a kasuwa a lokacin, wanda rashinsa ya tsai da babban abu.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa sun cika mana gari. Murfin tankin babur ko maɓallin da ya karye. Ɗan haƙorin roba na cikin fanka ko rediyo. Mariƙin wayar faifan hasken rana. Mahaɗin tiyo na masu noman rani a fadamun Dallol Mawri, inda bakin famfo da bakin tiyo suka ƙi dacewa. Hannun wata na'urar awo a ɗakin shan magani da aka jingine shekara guda saboda guntun roba mai girman ɗan yatsa. Maƙeri ba ya iya waɗannan, mai walda ma haka, ɗan kasuwa kuma ba zai yi odar guda ɗaya daga Chaina ba. Nan ne firinta ba ta da kishiya.

Akwai ma hanyar da za ta haɗa sabon da tsohon. Masu zubin tukwanen alminiyam, irin waɗanda suka cika kasuwar Katako ta Yamai, waɗanda kuma ake samu a manyan kasuwanninmu, suna aiki ne da samfuri. Suna danna shi cikin damammen yashi, su cire, su zuba narkakken alminiyam a gurbin da ya bari. Abin da ke iyakance su shi ne samfuri, sai abin da suka riga suka samu suke iya kwafa. Firinta kuwa gwanar yin samfuri ce. Matashi ya zana matokari ko wani kayan gyara a kwamfuta, ya ƙera shi da roba sau ɗaya tak, ya kai wa mai zubi, shi kuma ya fitar da ɗari na alminiyam, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660. Roba ta kawo siffa, ƙarfe ya ɗauki nauyi, mutum biyu sun ci abinci maimakon ɗaya ya kori ɗaya.

Don haka ina kira ga ƙananan hukumominmu da ƙungiyoyin da ke zuwa da shirin koya wa matasa sana'a. In za a kawo firintar 3D yankin Arewa, a fara da guda ɗaya a wurin da ke da tabbatacciyar wuta, kamar cibiyar koyon sana'a a Dogon Dutsi, ta yi wa Dogon Kiriya da Matankari da Kieshe da Ɗan Kasari aiki tare. Kafin a saya, a zagaya wurin masu gyaran babur da rediyo da famfo da ma'aikatan lafiya, a rubuta ƙananan kayan da suke nema ba sa samu. A sa maƙeri da mai walda da mai zubi cikin masu koyarwa, a biya su kamar yadda ake biyan mai kwamfuta. Kuɗin kantocin makarantu da ɗakunan shan magani kuwa a ba masu sana'ar gari, a kuma sa magini ya duba bangon kafin a huda shi.

Ga matashin da ya tara ƴan kuɗinsa daga ci-rani yana tunanin sayen na'urar, ina ce masa ya ci gaba da sha'awarsa, ya koyi zanen tun yanzu, tunda akwai manhajojin kyauta irin su FreeCAD da ba sa bukatar ya mallaki firinta. Amma kafin ya fitar da ko dala, ya samo abu goma da mutanen garinsu za su biya kuɗi a yi musu, waɗanda babu mai yi a kasuwa. In ya samu goman, ya saya da ƙarfin gwiwa. In kuwa abin da ke cikin jerinsa matokarin kanta ne da mariƙin waya da kayan wasa, ya ajiye kuɗinsa tukuna, ya je wurin mai walda a haɗa masa kantar, ya ɗora littattafan da zai koyi zanen da su a kai.

Allah ya sa mu dace.